Tambayoyi da amsoshi: yadda ake faɗin "bayan gari" da Turanci a Akra

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi maimaituwa a bakin ɗalibai masu shirin jarrabawar BECE da WASSCE, da masu neman ɗakin haya ko fili, da masu cike fom na tafiya ƙasar waje, tun daga Nima da Mamobi da Sabon Zango har Madina, Ashaiman da Kasoa. Bahaushe yana da "bayan gari", "gefen gari", "wajen gari" da "kewaye", kuma ya san inda zai sa kowace. Turanci ma yana da nasa, sun haura goma, kuma ba a musanya su yadda aka ga dama. Daga Akra aka ɗauko misalan, amma mutumin Kumasi zai iya sa Abuakwa ko Ejisu a gurbinsu.

Wace kalmar Turanci ce ta fi dacewa da "bayan gari"?

*Outskirts*. Tana nufin sassan gari da suka fi nisa da tsakiyarsa, inda gidaje suka fara rarrabuwa, ana ganin filaye da ginin da ba a gama ba da 'yan gonaki a tsakani. In ka ce *My uncle lives on the outskirts of Accra*, abin da ka faɗa shi ne kawunka yana zaune a bayan garin Akra, shi ke nan. Ba ka ce unguwar ta masu hali ce ko ta talakawa ba, ba ka ce gidajen zama ne ko masana'antu ba. Nisa kawai kalmar ke aunawa. A yau in an ambace ta a Akra, hankali yana zuwa wurare irin su Oyibi a hanyar Dodowa, ko Amasaman a hanyar Nsawam, ko Dawhenya da ke gaba da Tema.

Sai dai wanda ke *outskirts* bai bar gari ba tukuna. In ya fita gaba ɗaya, wato "wajen gari", sai a ce *outside Accra*. Nsawam gari ne mai zaman kansa a Yankin Gabas, don haka wannan ce ta dace da shi. A kuma kiyaye da *out of town*: in aka ce *Alhaji is out of town*, ana nufin Alhaji ya yi tafiya, ba ya gari.

Shin "outskirt" ake cewa ko "outskirts"? Kuma "on", "at" ko "in" ake sawa a gaba?

Da *s* a ƙarshe, kullum, kuma da *the* a gabanta. Ba a ƙirga ta, babu *an outskirt*, babu *two outskirts*. Aikatau ɗin da ke biye da ita ma na jam'i ne: *The outskirts are quiet at night*. Wannan *s* ɗin ita ce ɗalibai suka fi yarwa a rubutun jarrabawa, kuma mai maki yana ganin gurbinta nan take.

Abin da ya tabbata a Turancin littafi shi ne *on the outskirts of*. A rediyo da jaridun Gana za ka ji *at the outskirts* ba adadi, kowa kuma yana ganewa, amma a takardar jarrabawa ko wasiƙar ofis a tsaya kan *on*. Akwai hanya mai sauƙi ta riƙe wannan. Kalmomin da ke nuna baki ko gefe suna ɗaukar *on*: *on the outskirts*, *on the edge*, *on the fringes*, *on the periphery*. Waɗanda ke nuna yankin da mutum ke shiga ya zauna a ciki suna ɗaukar *in*: *in the suburbs*, *in the vicinity*, *in the neighbourhood*.

Mene ne bambancin "outskirts" da "suburb"?

*Suburb* unguwar zama ce mai suna, a waje da tsakiyar birni, inda mutane ke kwana su tashi su shiga gari aiki. Ana ƙirga ta: *a suburb*, *two suburbs*. Adenta *suburb* ce, haka Dansoman, haka East Legon. Asalin kalmar daga Latin ne, *sub* da *urbs*, wato abin da ke dab da birni.

Ga inda suka rabu. Masana'anta, maƙabarta, juji ko wurin fasa dutse duk za su iya kasancewa *on the outskirts*, amma ba a kiransu *suburb*, domin ba wurin zama ba ne. Sannan unguwa tana iya zama *suburb* har bayan gari ya zarce ta ya yi nisa. Dansoman ta daɗe da daina zama bakin gari, amma har yanzu sunan bai bar ta ba. Siffar kalmar ita ce *suburban*, kamar a *suburban roads*. Akwai kuma *suburbia*, wadda Turawa kan yi amfani da ita da ɗan shaguɓe, suna nufin rayuwar unguwannin da gidajensu duk kamarsu ɗaya. Kada a sa ta a adireshi ko a bayanin inda mutum yake zaune.

Jaridu suna rubuta "Nima, a suburb of Accra", alhali Nima a tsakiyar gari take. Kuskure ne?

A Turancin Gana ba kuskure ba ne. Nan *suburb* ta zama daidai da "unguwa", ko ina take: Osu, Nima, Kaneshie, Adabraka, duk haka 'yan jarida ke kiransu, kamar yadda suke cewa *Aboabo, a suburb of Kumasi*. Ba mu kaɗai ba ne, mutanen Ostireliya ma haka suke yi. Kuma tarihi yana ɗan goyon bayan masu faɗin haka. Lokacin da Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, wurin a wajen gari yake. Nima ma haka ta fara, Madina kuwa da aka kafa a 1959 daji ne sosai a idon mutanen Jamestown, tsohuwar unguwar bakin teku ta Akra. Garin ne ya yi ta tafiya har ya haɗiye su. Yau Nima tana maƙwabtaka da Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, fadar shugaban ƙasa ma ba nisa.

Matsalar tana tasowa ne in mai karatu Ba'amurke ne ko mutumin Ingila. A kunnensa *suburb* gidaje ne ɗai-ɗai masu ciyawa a gaba, da mota a kowace ƙofa, nesa da hayaniyar birni. In kana rubuta masa, ka ce *a neighbourhood in central Accra* ko *a densely populated area of Accra*. Wasu na ba da shawarar *inner city*, kuma ta fuskar wuri daidai ne, amma a Amurka da Ingila kalmar tana tafe da warin talauci da laifi. A namu ganin, kada mutum ya laƙaba wa unguwarsa ita sai ya san abin da yake so mai karatu ya ji.

To Kasoa fa? "Suburb" ce, ko "outskirts", ko me?

A takarda Kasoa ba ta cikin Akra ma. Tana Yankin Tsakiya, ƙarƙashin majalisar Awutu Senya East, kimanin kilomita 30 yamma da tsakiyar Akra. Sunanta daga "kasuwa" ta Hausa ya fito. Amma duk wanda ya tsaya bakin titi bayan sallar asuba zai ga abin da take yi a zahiri: trotro na cika tun duhu bai washe ba, mata da kwandunan kaya a cinya, ma'aikata na gyangyaɗi, layin motoci ya miƙe ta Weija zuwa Mallam Junction har Kaneshie, da yamma kuma kowa ya juyo. Garin da mutanensa ke kwana a cikinsa su yi aiki a wani birni shi ne *commuter town* ko *dormitory town* a Turancin Ingila, *bedroom community* a na Amurka.

In kana kwatance ne kawai, *on the western outskirts of Accra* ta wadatar, ba wanda zai ƙi ta. In fom kake cikewa, gurbin *Region* na buƙatar *Central*, ba *Greater Accra* ba, kuma wannan kuskuren yana sa bayanan mutum su saɓa wa juna tsakanin takardu. Tema daban ce. Gari ne da aka tsara da tashar jiragen ruwa, wadda aka buɗe a 1962, da masana'antunsa, saboda haka *satellite city* ko *port city* ta fi *suburb* dacewa da shi. Ashaiman ta girma ne da leburori da ma'aikatan Tema, kuma tun 2008 take da majalisarta. *A town near Tema* ya isa.

"Edge", "fringe", "periphery" da "margin", duk abu ɗaya ne?

Wuri ɗaya suke nunawa, amma ba baki ɗaya ke furta su ba. *Edge* ita ce ta yau da kullum, kuma ta fi *outskirts* ƙunci: *at the edge of town* ko *on the edge of town* na nufin daidai inda gidaje suka ƙare, "bakin gari". Tana aiki ga komai, bakin daji, bakin kasuwa, bakin tebur. *Fringe* asalinta geza ce, irin ta bakin mayafi, shi ya sa ake sa ta ga gefen da bai daidaita ba, nan gida can gona. Yawanci jam'i ce: *on the fringes of the city*.

*Periphery* ta 'yan boko ce, daga Girkanci, ana samunta a littafin labarin ƙasa da rahoton masu tsara birane, tana kishiyantar *centre* ko *core*. In ka faɗa wa direban tasi ita, zai dube ka ne kawai. *Margin* kuwa a bar ta ga gefen takarda. In ta shigo maganar mutane, kamar *on the margins of society*, tana nufin waɗanda aka mayar saniyar ware. *Fringe* da *periphery* ma suna ɗaukar irin wannan ma'ana, don haka a sa *of the city* a bayansu, kada a ɗauka wulaƙanci ake nufi.

Ina sayen fili. Me ya bambanta "boundary", "border" da "perimeter" a takardu?

Duk kalmomin da aka yi bayani a sama yanki suke nunawa. Waɗannan uku layi ne. *Boundary* ita ce "iyaka" tsakanin fili da fili, ko gunduma da gunduma. A *site plan*, wato taswirar filin, za ka ga layukan iyaka da lambobin ginshiƙan siminti da safiyo ya kafa a kusurwoyi, su ake kira *pillars*. A *indenture* kuma, wato takardar yarjejeniyar sayen filin, za ka ga *bounded on the north by*, sannan a ambaci filin wane ko hanya, da tsawon wannan gefen da ƙafa, haka har gefe huɗu. Ka karanta huɗun duka, ka je wurin da safiyonka na kanka ku auna. Rigimar fili da yawa daga ginshiƙin da aka tumɓuke aka matsar da shi take farawa, ko daga takardar da ta ce wani abu, ƙasa ta ce wani.

*Perimeter* jimillar tsawon kewayen ne. Fili mai ƙafa 100 da 70 yana da *perimeter* na ƙafa 340, kuma da wannan adadin magini ke lissafa bulon katanga, wadda a nan ake kira *fence wall*, a takardun injiniyoyi *perimeter wall*. Kada a rikita shi da *area*, wato faɗin cikin filin, wanda a wannan misali murabba'in ƙafa 7,000 ne. *Border* ta ƙasa da ƙasa ce: Aflao da Togo, Paga da Burkina Faso, Elubo da Kwaddibuwa. Ba a cewa *the border of my plot*. Akwai kuma *city limits*, kalmar Amurkawa ta iyakar ikon hukumar birni, a Gana *metropolitan boundary* ko *municipal boundary* aka fi rubutawa.

Yaya zan ce "Madina da kewaye"?

*Madina and its environs*. Ita ce za ka ji a sanarwar ɗauke wuta ko yanke ruwa. *Environs* daga Faransanci take, kullum jam'i ce, kuma ta ɗan yi kama da harshen ofis. Mai sauƙinta ita ce *Madina and surrounding areas*, ko *in and around Madina*. *Vicinity* ta fi ƙunci, tana nufin kusa-kusa da wani abu takamaimai: *in the vicinity of the mosque*. *Surroundings* kuwa abin da ke kewaye da mutum ne inda yake, kwata, shara, bishiyoyi, shi ya sa ake cewa *keep your surroundings clean*. Ba ta shiga gurbin *environs*, haka ma *environment*, wadda muhalli take nufi.

A rahotannin gwamnati ina ganin "peri-urban" da "urban sprawl". Me suke nufi?

*Peri-urban* siffa ce ta wurin da ke tsakanin birni da karkara, yana rikiɗa daga gona zuwa unguwa. Alamunsa sanannu ne: sarakuna da iyalai na yanka gonaki fuloti-fuloti, wuta ta iso amma ruwan famfo bai iso ba, sai rijiyar burtsatse ko motar tanka, titin jan ƙasa ne, makiyayi na kora shanu ta gaban gida mai bene. Ana cewa *peri-urban areas* ko *peri-urban communities*, ba a tsayar da ita ita kaɗai. *Urban sprawl* kuma sunan bazuwar garin ne ba tare da tsari ba, kuma kusan kullum suka ce.

Wajen ƙidaya, Hukumar Ƙididdiga ta Gana tana ɗaukar duk matsugunin da ya kai mutum 5,000 a matsayin *urban*, ƙasa da haka *rural*. Wato wuri zai iya zama *urban* a littafi alhali ido na ganin ƙauye. A kuma rarrabe *Greater Accra Region*, yankin mulki da ya kai har Ada, wanda ƙidayar 2021 ta ba shi mutum sama da miliyan 5.4, da *Greater Accra Metropolitan Area*, wato birnin da unguwanni da garuruwan da suka manne da shi. Mutumin Ada yana cikin na farko, amma ba wanda zai ce yana *outskirts* na Akra.

"Hinterland", "outlying" da "remote" fa? Akwai wadda za ta ɓata wa mutum rai?

*Outlying* ba ta da laifi: *outlying villages* ƙauyukan da ke nesa da tsakiya ne amma suna ƙarƙashin garin. *Remote* ta fi nisa, wuri mai wuyar zuwa. *Hinterland* daga Jamusanci take, asalinta ƙasar da ke bayan gaɓar teku ko tashar jiragen ruwa, wadda ke kawo kaya tana karɓar kaya. A Gana an mayar da ita "can cikin karkara". Babu ɗaya cikin ukun da ta dace da Pokuase ko Oyarifa.

Masu cizo su ne *bush*, *the sticks*, *the boondocks* da *the middle of nowhere*. Tsakanin abokai wasa ne, a ce wane ya koma *bush* don ya yi gini a Amasaman. A rubutu ko gaban surukai raini ne, musamman *bush*, da ma *villager*, wadda a bakin 'yan Akra ta koma "baƙauye".

Dillalai na rubuta "new site", "developing area", "serviced plot". Yaya zan fahimce su?

Dillali ba ya son *outskirts*, domin tana tuna wa mai saye nisa. *New site* sabuwar unguwa ce da aka yanka a gefen tsohon gari, kuma sunan kan zauna ko da wurin ya cika. *Developing area* ko *fast developing area* na nufin maƙwabta sun fara gini, ba ta yi alkawarin titi ko ruwa ba. *Serviced plot* ya kamata ya zama fili da aka kai wa hanya, wuta, ruwa da magudana, sai ka tambaya ɗaya bayan ɗaya wanne ke ƙasa yanzu, wanne ke kan takarda. *Estate* rukunin gidaje ne na kamfani ɗaya, *gated community* kuma mai katanga da ƙofa da masu gadi. *Off the Dodowa road* na nufin an sauka daga babban titi, ba ta faɗi nisan ba, kuma *five minutes' drive* lissafin ranar Lahadi ne da rani. A je a gani bayan an yi ruwan sama.

Mafi nauyi ita ce *litigation-free*, wato babu shari'a a kan filin. Maganar mai sayarwa ce kawai. Abin da ke taimakawa wajen tantance ta shi ne binciken da ake kira *search* a Lands Commission, wato hukumar filaye, da *site plan* ɗin da aka yi bayani a amsar *boundary*, kafin a biya ko sidi ɗaya.

In ina kwatanta wa baƙo gidana a bayan gari, waɗanne kalmomi ne ke aiki?

Kusan babu ko ɗaya cikin na sama. Kwatance da ƙananan kalmomi ake yinsa: *past* ko *beyond* don "gaba da", *just before* don "dab da isa", *off* don "sauka daga titi", *towards* don "wajen", *opposite* don "daura da". Sai alamomin da kowa ya sani, *junction*, *barrier*, *filling station*, *last stop*. Misali: *Past Adenta Barrier, towards Dodowa, second junction on the right*. A ƙara lambar GhanaPostGPS, wato adireshin dijital na gida, wadda aka ƙaddamar a 2017. Harafinta na farko yanki yake nunawa, G na Greater Accra, A na Ashanti, C na Central, kuma nan ma mazaunin Kasoa zai ga C a tasa lambar, kamar yadda aka faɗa a amsar Kasoa.

Yaya ake furta su?

Wurin da ake danna murya shi ne abin lura. Farko ake dannawa a *outskirts*, *suburb*, *boundary* da *hinterland*: AUT-skats, SA-bab. Gaɓa ta biyu ake dannawa a *suburban*, *periphery*, *perimeter*, *vicinity* da *environs*: sa-BA-ban, pa-RI-fa-ri, pa-RI-mi-ta, vi-SI-ni-ti, in-VAI-rans. *Perimeter* ce aka fi kuskurewa, ana cewa peri-MI-ta saboda an ga *meter* a ciki. A *outskirts* kuma baƙaƙen ƙarshe sun cunkushe, harshe na son yar da *t* ko *s*. A raba ta biyu, *out* da *skirts*, a maimaita a hankali har *ts* ta fito, musamman ga mai shirin jarrabawar baka ta WASSCE ko ta IELTS, wato gwajin Turanci na masu fita waje.